Rediyon sola mai Littafi Mai Tsarki a ciki, wanda ake sayarwa a Garwa: ku saya amma ku duba abin da aka zuba muku

Sefa 9,000 na biya, rediyo da memori da komai, a wani ɗan butik na kayan majami'a dake kusa da babbar kasuwar Garwa, inda ake sayar da littattafan waƙoƙi da kalanda da zannuwan zumuntar mata. Mutane da yawa a cocinmu suna ta tambayata ko abin ya cancanci kuɗinsa tunda sun ga Goggo na yawo dashi a hannu, to ga amsa a dunƙule: rediyon ya yi, karatun Littafi Mai Tsarki dake ciki ya fi kuɗin nesa ba kusa ba, amma rabin wa'azin da aka loda a memorin bai kamata ya shiga kunnen mai fama da tsoro ba, kuma akan wannan ne zan fi daɗewa.

Shi dai rediyon irin ƙananan nan ne na China, bai wuce tafin hannu biyu ba, akwai ɗan faifan sola a manne a bayansa, da tocila a gefe, da lambobi daga 0 zuwa 9 a gaba. Batirinsa irin na tsohuwar Nokia ne, BL-5C, ko'ina zaka samu in ya mutu. FM na kamawa ras, CRTV, gidan rediyon gwamnatin Kamaru, na fita tsaf ko a cikin ɗaki. Murya akwai ƙarfi, in aka ajiye a tsakar gida kowa na ji, sai dai in ka ƙure shi yana ɗan karkarwa. Solan kuwa kada ku sa rai da yawa, yana taimakawa dai in wuta ta yi kwana da kwanaki bata dawo ba, kun san halin da muke shiga duk lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Lagdo da take bamu wuta. Matsalar ita ce faifan a jikin rediyon yake, kenan in zaka yi caji dole batirin ma ya sha rana, kuma ranar Garwa a watan Maris da Afrilu da zafi ke haura 40 ba abin wasa bace, batir zai kumbura. Mu da safe muke shanya shi, kafin azahar mu ɗauke. Wannan kenan game da ƙarfe da roba.

Goggon da nake magana ƙanwar mahaifina ce, daga wajen Turu ta zo, can saman duwatsun Mayo-Tsanaga dab da iyakar Gwoza, wajen da Hausa ce yaren kasuwa kuma da ita ake sujada a majami'u da yawa, shi yasa Hausarta ta fi Fulatancinta. Duk wanda ya san yankin ya san abin da mutanen wurin suka gani a hannun Boko Haram tun wajen 2014, kwana a cikin duwatsu, a dawo da safe a tarar an kwashe awaki da hatsi, wani lokacin an ƙona majami'a. Bata iya karatu ba, ido ma ya yi rauni, kuma barci baya zuwa mata, da moto ya yi ƙara da dare sai ta miƙe zaune tana laluben takalmi. Mu ma da muke birni ba wai hankalinmu a kwance yake ba, ga labarin masu satar mutane don kuɗin fansa a wajen Tuboro da Mayo-Rey har zuwa tsallaken Cadi, ga ambaliyar 2024 da ta cinye gidaje a Yagwa, ga zaman ɗar-ɗar da garin nan ya shiga bayan zaɓen Oktoba 2025, ga tsadar masara. Kowa na neman wanda zai ce masa ga hanya, shi yasa irin wannan kaya ke tafiya a kasuwa yanzu.

Karatun Littafi Mai Tsarkin dai babu abin kushewa. Cikakke ne daga Farawa har Wahayin Yahaya, littattafai 66, sura 1,189, kowace sura da fayil ɗinta. ('Yan'uwanmu Katolika ku sani nasu mai littattafai 73 ba shi bane a ciki, ku tambaya tukun.) Mai karatun baya sauri, baya kuma yin muryar wasan kwaikwayo, Hausa ce irin wadda aka saba ji a coci, tsohuwa na ganewa yaro na ganewa. Tun 1932 aka kammala fassara Littafin gaba ɗaya da Hausa, amma ku duba tsofaffinmu nawa ne suka taɓa jin littafin Ayuba daga farko har ƙarshe, sai dai ayar da fasto ya karanta ran Lahadi. Goggo ta ji shi duka, ta kuma ce min ashe abokan Ayuba ma surutu ne ya yi musu yawa, da sun yi shiru kamar yadda suka yi a kwana bakwai na farko da ya fi. Ni da nake karantawa da idona ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Wahalar ɗaya ita ce neman sura, don allon rediyon lamba kawai yake nunawa, baya rubuta suna, kuma ba a bada takarda ba. Sai da na zauna na lissafa da kaina, ga shi kyauta ga wanda memorinsa ya fara da Farawa 1 a lamba ta ɗaya kuma aka jera daidai: Zabura 1 tana lamba 479, kenan ka ƙara 478 akan lambar kowace Zabura da kake so. Zabura 23 ita ce 501, Zabura 46 ita ce 524, Zabura 91 ita ce 569, Zabura 121 kuma 599. Tsohon Alkawari sura 929 ne, saboda haka Matiyu 1 na 930, Markus 4 inda Yesu ya tsawata wa iska a teku 961, Yahaya 10 kuma 1007, Yahaya 14 na 1011. Na ɗiga jan fenti akan 5 da 0 da 1, yanzu Goggo da kanta take dannawa cikin dare. Gaskiya mai butik ya kamata ya buga wannan lissafi a takarda ɗaya ya dinga haɗawa da rediyon, fotokofi nawa take.

To daga 1190 zuwa sama nan ne waƙoƙi da wa'azi suke, kuma nan ne maganar take.

Waƙoƙin lafiya lau, na zumuntar mata ne da na mawaƙan coci, wasu da Hausa wasu da Fulatanci, har da masu tulu da kacau-kacau irin na gida. Cikin wa'azin ma akwai wasu tsofaffin fastoci da ban san ko su waye ba, daga muryarsu dai kamar daga Najeriya aka ɗauko, koyarwa suke yi a natse, su karanta aya su bayyana su koma aya. Akwai ɗaya akan Filibiyawa 4 da nake so ƙwarai, inda Bulus yake cewa kada a damu da komai sai dai a kai roƙo gaban Allah da addu'a da godiya, tsohon ya tsaya ya tuna wa masu ji cewa wanda ya rubuta wannan a kurkuku yake, bai san ko za a sake shi ko za a kashe shi ba, kenan ba maganar wanda ya ƙoshi yana kwance a inuwa bace. Bai yi alkawarin cewa masifa zata wuce gobe ba, cewa ya yi mai bi yana da inda zai sauke kayansa. Irin wannan ko sau nawa a maimaita.

Sauran kuwa, Allah ya kyauta. Masu kiran kansu annabawa ne, wasu da Faransanci ana fassarawa, wasu da Hausa kai tsaye, ihu tun daga farko har ƙarshe, kuma duk zancen ɗaya ne: abin da ya same ka wani ne ya yi maka, kuma wanin nan na kusa da kai ne. Rashin barci maye ne a gidanku, ɗanka bai samu aiki ba kishiyar uwarka ce ta binne laya, mafarkin ruwa aljanar kogi ce ta aure ka. Daga nan sai a karanto lambar waya, a ce ka tura iri na bangaskiya, wato kuɗi, akwai mai na shafawa, akwai ruwa a gora, akwai hankici. Ku yi tunani, mace ce da ta ga an harbe maƙwabcinta da idonta, tana kwance cikin duhu ƙarfe biyun dare, Wahayin Yahaya ya ƙare rediyon ya zarce da kansa, sai ga wani ƙato na yi mata tsawa a kunne cewa maƙiyinta yana cin abinci tare da ita. Ba a jima ba Goggo ta daina karɓar tuwo daga hannun maƙwabciyarmu, matar da tun zuwanta take kawo mata kunu da safe, ta fara tambayata wai nawa ne ake turawa a samu man nan. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, su kuma waɗannan sun san haka sarai, da gangan suke miƙa takobin.

Abin da ya fi bani haushi shine a cikin memori ɗaya, 'yan lambobi kaɗan a baya, akwai Ayyukan Manzanni 8 inda wani mai sihiri a Samariya ya kawo kuɗi yana so ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus yace masa ya hallaka da kuɗinsa tunda yana zaton baiwar Allah ta sayarwa ce. Akwai Ezekiyel 34 inda Ubangiji yake tuhumar makiyayan da suke kiwon kansu, sun sha nono sun sa ulu amma basu ɗaure wadda ta karye ba, basu nemo wadda ta ɓace ba. Duk yana ciki. Amma rediyo bai san bambanci ba, lamba na ƙarewa ya shiga ta gaba, da Ezekiyel da mai sayar da hankici duk murya ɗaya suke fitowa, kuma tsohuwa ta ɗauka duk abin da ya fito daga akwatin da aka sayo a butik na coci ai maganar Allah ce.

Na koma wajen mai butik ɗin, dattijo ne mai mutunci, ba zan ɓata shi ba. Nace Baba, kun kuwa saurari abin da kuke lodawa mutane? Yace ɗana, yaron nan ne mai kwamfuta yake zubawa, kuma in gaya maka gaskiya masu zafin nan su aka fi tambaya, in babu su sai a ce min memorin ba shi da wuta. Nace Baba wutar nan fa ta kusa raba mu da maƙwabta. Ya yi shiru, sannan ya kira yaron ya goge min su gaba ɗaya ba tare da ya karɓi ko dala ba, ya ƙara min da karatun Sabon Alkawari da Fulatanci. A nan na yaba masa, ya karɓi magana kuma bai yi gardama ba. Inda ban yaba ba shine har yanzu in baka yi magana ba da su za a baka, kuma yawancin masu saye aike ake yi musu zuwa ƙauye ko sansanin Minawawo, wanda tun 2013 yake cike da 'yan gudun hijira daga Borno, su wa zasu komawa su ce a goge?

Ko bayan an goge ɗin ma, akwai abin da na lura dashi wanda ba laifin mai butik bane kuma ba laifin China bane. Goggo ta ji Zabura 91 har ta haddace, inda ake cewa ba zaka ji tsoron razanar dare ba, dubu zasu faɗi a gefenka amma ba zai kusance ka ba, sai wata rana ta tambaye ni, to ɗan'uwan babanka da aka kashe a gona fa, shi bai dogara ga Allah bane? Ni makaniki ne, na iya kwance injin moto in ɗaure, wannan tambaya ta fi ƙarfina, rediyon kuma sai dai ya sake karanto mata ayar. A cikin Ayyukan Manzanni 8 ɗin nan dai, mutumin Habasha yana zaune a karusa da littafin Ishaya a hannunsa, yana karantawa da kyau, Filibus ya tambaye shi ko yana ganewa, yace ina zai gane in ba wani ya bi dashi ba. Babban ma'aikaci ne mai riƙe da baitulmalin sarauniya, ya iya karatu, duk da haka sai da aka turo masa mutum ya hau ya zauna kusa dashi.

Fastonmu ne ya zo, da matarsa da wata dattijuwa daga zumuntar mata. Bai zo da wa'azi ba. Ya zauna a tabarma yace Mama, bani labarin Turu, ita kuwa ta fara tun daga sunayen gonaki, ya barta ta yi ta yi har ta iso kan ranar da abin ya faru, ta yi kuka, matan suka riƙe ta. Akan tambayarta yace mata Mama, Shaiɗan ma ya ɗauko wannan Zabura ya karanta wa Yesu a kan hasumiyar Haikali, Yesu bai yarda a mai da ita laya ba, kuma Istifanas da aka jajjefe da Yakubu da aka sare da takobi ba rashin dogara ne ya kashe su ba. Bai ce ya san dalilin da yasa Allah ya bari ba, yace shi ma yana da tambayar. Sannan ya juyo gareni yace ɗan'uwa, gobe ka kai Mama asibiti a auna jininta, wannan bugun zuciya da rashin barci ba duka bane na addu'a kaɗai, aka auna kuwa aka samu hawan jini, tana shan magani yanzu. Maganar maƙwabciya ma shi ya gyara, ya aika aka kira ta, ya sa aka kawo kwano ɗaya ya fara sa hannu. Akwatin sefa 9,000 ba zai lura cewa ƙafar Goggo ta kumbura ba, kuma annabin cikin memori da ya ji labarin da cewa zai yi an taka mata asiri.

Na san ba kowa ke da irin wannan fasto a kusa ba, kuma ban ɗora wa kowa laifi ba. A bakin iyaka majami'u da yawa sun watse, masu bishara sun gudu tare da jama'arsu ko kuma su aka fara nema, ba a manta yadda aka sace Fada Georges Vandenbeusch a Ngecewe a Nuwamba 2013 ba, da limaman Italiya biyu da wata sista 'yar Kanada a Cere kusa da Marwa a Afrilu 2014, Allah ya sa duk an sako su. Wanda ya rage yanzu shi kaɗai yake zagaya ƙauyuka da yawa akan moto ɗaya, in akwai man. A irin wannan wuri rediyon nan alheri ne babba, gara a ji Kalmar da a zauna babu, musamman mu masu Hausa da bamu da yawan shirye-shirye kamar masu Fulatanci, su kam tun 1966 tashar bishara ta Sawtu Linjiila take musu aiki daga Ngaundare. Amma inda akwai dattijon ikilisiya ko katekis ko uwar zumunta mai hankali, a fara bashi memorin ya ji kafin a miƙa wa mai rauni, kuma a dinga zama ana ji tare, in sura ta ƙare a kashe a yi magana akai. Mu yanzu haka muke yi da yamma, maƙwabciyar ma tana zuwa da kujerarta.

Ni ba ɗan Katolika bane amma duk wanda ya tashi a arewacin Kamaru ya ji sunan Baba Simon, Simon Mpeke, limamin da ya bar babbar majami'a a New-Bell ta Duwala ya zo arewa a 1959, ya zauna a Tokombere yana hawa duwatsu ba takalmi, yana zama da mutane a ƙofar gidajensu, har kusan rasuwarsa a 1975, kuma a 2023 Paparoma Francis ya amince da nagartarsa. Yau shekara hamsin kenan da wani abu tsofaffin wurin, har waɗanda basu taɓa shiga coci ba, basu daina kiransa Baba ba, kuma in ka tambaye su ba wa'azinsa suke fara kawo maka ba, cewa suke ya san sunan kowa kuma ya sha ruwan gidansu. Fastocinmu na birni da suka koma turo saƙon murya a WhatsApp maimakon ziyara, da girmamawa nake faɗa, saƙon yana da amfani amma shi ma ɗan'uwan rediyon ne.

Ga wanda zai saya: ka sa a kunna maka a butik ka danna 501, in ba Zabura 23 ta fito ba to jerin nasu daban ne, a nuna maka inda ya fara. Ka ce a nuna maka jerin wa'azin a kwamfuta kafin a baka, duk wanda aka karanto lambar tura kuɗi a ciki a cire, kuma in za a iya a raba memori biyu, ɗaya Littafi Mai Tsarki zalla ɗaya waƙoƙi da koyarwa, don kada ya zarce da kansa cikin dare, ƙarin memorin sefa 2,000 aka ce min. Garanti babu, sai dai dattijon yace in ya lalace cikin sati a dawo dashi. Batir na biyu kuma ku saya tun a ranar, amma ku duba da kyau, na jabu sun yi yawa a kasuwa, in ka ji shi sakayau a hannu ka ajiye musu kayansu.